Akwatin Baba: yadda za a tsare tarihin Zango idan mai riƙe da shi ya kwanta dama

Kowace unguwa a Kumasi, a ƙasar Gana, tana da tsohonta. Shi ne wanda in gardama ta ƙi mutuwa a dakalin masallaci, kan wa ya fara kafa gida a layin nan ko jikan wa ya auri 'yar wa, sai wani ya ce, "Ku bari Baba ya fito La'asar." Namu na unguwar Aboabo ya rasu damina biyu da suka wuce, Allah Ya jiƙansa da rahama. Tela ne, a kan kekensa ya tsufa, amma shekara hamsin da ɗoriya bai yar da takarda ba. Rasit ɗin haraji, katin ɗaurin aure, wasiƙar fatake da ajami, hoton bikin naɗi, duk yana adanawa. Akwai kuma wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk wanda ya rasu a unguwa, da ranar, da garin da iyayensa suka fito.

Mu kuma muka yi kunya, muka ce sai bayan arba'in za mu yi wa iyali maganar takardun. Ko da muka je an riga an share ɗakin. Samarin gidan sun ƙona buhu guda na takardu masu rubutun ajami, kuma da zuciya ɗaya suka yi: sun zaci ayoyi ne, suna gudun kada a tattake su. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ne kaɗai ya tsira. Abin da zan faɗa a nan daga aikin wannan akwati na koye shi, da kuma takaicin wancan buhu.

Mataki na farko: a yi magana tun ana zaman makoki

Tsakanin addu'ar uku da ta bakwai, lokacin da dangi na nesa ba su watse ba, ka nemi babban ɗa ko ƙanen mamaci ka ja shi gefe. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki limamin unguwa ko wani dattijo da gidan ke jin nauyinsa. Kada ka roƙi a ba ka komai. Abu ɗaya za ka roƙa: "Kawu, don Allah duk wata takarda da ke ɗakin Baba, ko ta yage, ko ba a san me ke ciki ba, kada a ƙona, kada a zubar, har mu zauna tare." Ka ambaci ƙonawa da sunanta, domin ita ce hanyar da rubutun ajami ya fi salwanta a gidajenmu, ba ɓarawo ba, ba gobara ba.

Ka kuma sani tun yanzu cewa akwatin nan gado ne. Na magada ne, har da marayu da ba su balaga ba, kuma a cikinsa akan sami takardar fili ko ta bashi. Duk wanda ya shigo da maganar "tarihin al'umma ne, ku miƙa" ya rufe wa kansa ƙofa, kuma da gaskiyar masu gida. Takarda tasu ce. Hotonta kake roƙo.

Matar mamaci tana takaba, wata huɗu da kwana goma tana gida. Sau da yawa ita ta fi kowa sanin wace takarda ce wace, don ita ta sha fitar da akwatin in ruwa ya shigo ɗaki. A tura mata mace, 'ya ko ƙanwa ko malamar Islamiyya, ta riƙa zuwa gaisuwa, hira ta zo da kanta. Hajiyar gidan Babanmu ce ta gaya mana cewa akwai littafi na biyu, yana wurin wani abokinsa a Asawase da ya ara ya manta.

Na biyu: buɗe akwati

A buɗe da rana, a gaban mutum biyu daga magada. A shimfiɗa farin zane mai tsabta a kan tabarma, a wanke hannu a bushe shi. Ban da shayi, ban da ruwan leda kusa, ban da fanka mai ƙarfi.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton akwatin yadda yake a buɗe. Sannan ka riƙa fitar da kaya ƙunshi-ƙunshi, yadda mai shi ya ɗaure su. Hannu zai riƙa yi maka ƙaiƙayi ka ware rasit gefe, hotuna gefe, ajami gefe. Kada ka yi. Tsarin da tsoho ya bari shi ma bayani ne. A akwatinmu mun tarar da hoton wani saurayi sanye da kakin soja a naɗe cikin wata wasiƙa, an ɗaure su da zaren ɗinki. Babu suna a bayan hoton. Wasiƙar ce ta faɗi ko wane ne. Da mun raba su, da yau hoton ba shi da uba.

Littattafan malamai na dā ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne sake, a cikin tadarishi, a cikin gafaka. In suka hargitse, ka duba ƙasan bayan kowace warƙa: marubuta kan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye a can kusurwa. Da ita ake mayar da tsari.

Ka sami littafin rubutu guda ka ba kowane ƙunshi lamba, kowace takarda lamba a ƙarƙashinta: ƙunshi 3, takarda 12. A rubuta lambar a guntuwar farar takarda a ajiye kusa, ba a jikin tsohuwar takardar ba. In ya zama dole, da fensir, a baya, a hankali. Biro ba ya goguwa kuma yana ratsa takarda.

Na uku: ɗaukar hoto

Wayar da ke aljihunka ta isa. A yi aikin a inuwa, a bakin ƙofa ko kusa da taga, da hantsi. A kashe fitilar kyamara. Wayar ta tsaya daidai saman takarda, ba a karkace ba. Mu kujera biyu muka jera muka ɗora katako mai huda a tsakani. Kowace takarda gaba da baya, ko da bayan ya yi kamar babu komai, kuma gefunan su fito duka, tare da guntuwar takardar lamba. In rubutun ya yi ƙanana, a ƙara hoto na kusa.

Kada a tura wa juna hotunan ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse su, ɗigon ajami ya ɓace, har ka kasa bambance harafin "ba" da harafin "ta". A tura su a matsayin fayil, ko a kwashe da igiyar waya zuwa kwamfuta. Kowace rana in an tashi aiki a yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi da za a ajiye a wani gida dabam, ɗaya a intanet kamar Google Drive. Wanda aka taɓa zare wa waya a cunkoson kasuwar Kejetia ba sai an yi masa bayani ba.

Na huɗu: inda takarda za ta kwana

Kumasi garin ruwa ne, damina biyu a shekara, iska kullum da laima. Abokan gāban takarda a nan su ne danshi da fumfuna da gara da kyankyaso, sai ambaliya in kwata ta cika. Akwati ya bar ƙasa, ya hau kan tebur ko kanta, nesa da bango, nesa da inda kwano ke yoyo. A cire ƙusoshin maƙala takarda da suka yi tsatsa, a kwance robar ɗaure kuɗi, don in ta narke tana manne wa rubutu. A sa kowane ƙunshi cikin farar takarda a naɗe da farin ƙyalle na auduga. Takardar da ta yi fumfuna a ware ta, a shanya a inuwa, in ta bushe a kakkaɓe da burushi mai laushi a waje, da ƙyalle a hanci. Rana kai tsaye tana cin tawada.

Abu biyu ne mutane ke yi da niyyar gyara su ɓata. Na farko liƙe yagewa da salatif: bayan 'yan shekaru gam ɗin ya zama ruwan ƙasa, ya cinye rubutun da ke ƙarƙashinsa. Na biyu kai tsohuwar takarda shagon masu kwamfuta a rufe ta da roba mai zafi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin zafin yana gasa takardar, kuma babu mai iya fito da ita har abada. Jakar leda ma tana tara gumi. In ana son abin ratayewa a falo, a buga kwafi daga hoton a rufe wannan da roba, asalin ya koma akwati.

Na biyar: a nemo mai karatu

A nan aikin yake da daɗi, a nan kuma lokaci ya fi ƙurewa, domin masu karanta ajamin fatake 'yan kaɗan suka rage. Ba kowane mai Larabci ke iyawa ba. Yaronmu da ya yi karatu a Madina ya duba wasiƙar farko ya ce wannan Larabci ya karye. Ba Larabci ba ne, Hausa ce. Rubutun irin na Magariba ne, wanda aka saba da shi a makarantar allo: harafin fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, harafin ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Ka nemi tsohon malamin zaure, ka kai masa goro, ka buga masa hoton da girma saboda ido. Ka kunna na'urar ɗaukar murya a wayarka kafin ya fara, domin abin da zai faɗa a gefen karatun yakan fi abin da ke takardar: "Af, wannan ai mai masaukin kakanka ne."

Ka sa ya fara duba ƙarshen rubutu. A nan mai kwafi kan sa sunansa da na malaminsa, wani lokaci da gari da shekara. Shekarar ta Hijira ce. Hanyar kusantar ta Miladiyya ita ce ka ninka da 0.97 ka ƙara 622: shekarar 1350 za ta ba ka wajen 1931 zuwa 1932. Mawaƙa kuma sukan ɓoye shekara a cikin haruffa, abin da ake kira ramzi, sai wanda ya san lissafin haruffa ya warware. Ka ɗaga takarda ga haske ma. In ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, takardar Italiya ce irin wadda fatake suka daɗe suna kawowa ta hamada, alamar ta kwana biyu ke nan, amma ba ta isa hujjar shekara ita kaɗai ba.

Duk abin da aka karanta a rubuta shi da boko yadda yake, da Hausarsa ta dā, ba tare da gyara ba. Bayani ya zo a ƙasa dabam.

Na shida: abokansa

Rabin abin da tsoho ya sani bai taɓa shiga takarda ba, yana bakin waɗanda suka zauna da shi. Ka rubuta sunayen sa'o'insa da suka rage, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni. Kada ka manta da mata: tsofaffin masu koko da masu waken safe da ungozoma sun san wa aka haifa a wane ɗaki, kuma su ne masu riƙe da zaren aure da ya haɗa Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bayarabe a gida ɗaya.

Mutum ɗaya a zama ɗaya. In ka tara tsofaffi uku, wanda ya fi murya ne zai yi magana, sauran su riƙa cewa haka ne. Bayan sallar Asuba ko da hantsi ya fi, kuma kada zama ya wuce awa guda. A farkon ɗauka ka faɗi rana da wuri da sunan mai magana, ka tambaye shi a cikin na'urar ko ya yarda a ajiye muryarsa. Kada ka ce, "Baba, ba mu tarihin Zango." Zai ba ka wa'azi. Ka miƙa masa hoto ka ce, "Baba, wannan na tsakiya wane ne?" Sannan ka yi shiru.

Tsoho ba ya riƙe shekara da lamba, da aukuwa yake riƙewa. Don haka ka tafi da ma'aunanka a ka. Husufin rana da ya mai da rana dare, 20 ga Mayu 1947. 'Yancin kai, 6 ga Maris 1957, kuma a shekarar ce gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba na Zangon Kumasi zuwa Najeriya. Shigowar sidi a madadin fam, 1965. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, Nuwamba 1969, da aka ba mutane mako biyu. Rasuwar Asantehene, wato Sarkin Asante, Prempeh na biyu, 1970. Komawar motoci hannun dama, Agusta 1974. Yunwa da gobarar daji da dawowar mutanenmu daga Najeriya, 1983. In ya ce, "An haifi Asabe ina da shago a Alabar," ka tambaya, "Kafin Busia ko bayansa? Da fam kuke ciniki ko da sidi?" Tambaya biyu uku sai shekara ta matso.

Na bakwai: a auna magana

Ƙaunar mamaci ba ta sa duk abin da ya faɗa ya zama daidai. Babanmu yakan ce Hausawa ne Musulmin farko a Kumasi. Ba haka ba ne. Tun zamanin Asantehene Osei Bonsu, a farkon shekarun 1800, akwai malamai Musulmi daga arewa da ke yi wa fada rubutu, Turawan da suka zo a 1817 da 1820 sun tarar da su. Zangon da muka sani ya bunƙasa ne bayan Ingilishi sun kama Prempeh na ɗaya a 1896 da kuma bayan yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Kafin nan babbar kasuwar goro Salaga ce, can fataken Gwanja daga Kano da Katsina suke sauka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai, cikinsu har da Alhaji Umaru, wanda ya zauna Kete Krachi ya rasu a can a 1934. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, goro ya sami hanyar teku zuwa Legas. In gida ya ce kakansu daga Salaga ya zo, ga ramin da labarin zai zauna a ciki.

Ga wuraren da za a kai magana a gwada. Akwai ofishin ajiye takardun gwamnati, PRAAD, reshen Kumasi, inda fayilolin zamanin Turawa suke, da Turanci. Akwai ma'ajiyar takardu ta Manhyia, fadar Asantehene, musamman kan shari'o'i da filaye. A Legon kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana ta tara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960, kuma da yawansu kwafi aka ɗauka aka mayar wa masu su asalin. Ka tafi da katin shaidarka da fensir da haƙuri. Ka tuna kuma Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, sai ka nemi Sarkin Zango a ƙarƙashin rubutu iri biyu ko uku.

Inda takarda da baki suka saɓa, a rubuta duka biyun: Baba ya ce kaza, fayil ya ce kaza. Fayil ma mutum ne ya rubuta shi, ta bakin tafinta.

Na takwas: abin da ba a bazawa

Allura takan tono garma. A cikin irin wannan akwati akwai maganar bauta da asalin wasu gidaje, akwai rikicin sarauta da na limanci da har yau jikoki ba su huce ba, akwai gidajen da aka sayar da araha cikin dare a 1969, masu su suka hau mota ba su dawo ba. Ra'ayina shi ne a adana komai, kada a goge ko harafi, amma ba komai ake karantawa a lasifika ba. A ware irin waɗannan a fayil dabam, magada da dattawa biyu su yanke wa zai gani. Takardar fili kuwa a mayar wa magada hannu da hannu a gaban shaida, kada hotonta ya shiga Facebook ko da wasa.

Na tara: ranar tunawa

Sai an yi duk wannan sannan taro yake da abin nunawa. Mu mun haɗa namu da cikar shekara, a harabar makarantar Islamiyya, bayan an sanar da mai unguwa da fadar Sarkin Zango. An sauke Alƙur'ani, an yi masa addu'a, sannan aka rataye kwafin hotuna wajen talatin a igiya kamar shanya, kowane da farar takarda da fensir a ƙasansa, aka ce duk wanda ya gane fuska ya rubuta. Wata tsohuwa da aka riƙo hannunta ta tsaya gaban hoto ɗaya, ta ɗora yatsa kan wata yarinya mai tallan goro a can gefe, wadda mu ba mu ma lura da ita ba, ta ce, "Ni ce nan." Daga bakinta muka sami sunan mutum shida da ke cikin hoton.

A rage jawabai. Jika ɗaya ya karanta wasiƙa guda daga akwatin, da ajaminta, a kunna minti biyar na muryar abokinsa, ya wadatar. In akwai hali a buga ɗan ƙaramin littafi, shafi ashirin ko talatin, Hausa da Turanci, saboda jikokin da Hausarsu ta fara komawa Tuwi da waɗanda ke Jamus da Amurka. A kai wa gidan rediyon Hausa na gari kwafin muryoyin da masu su suka yarda a saka. Kuɗin da aka tara ta MoMo, wato turawa ta waya, a rubuta shi, a karanta lissafi a gaban jama'a, domin maganar kuɗi ta kashe ƙungiyoyin Zango fiye da yadda gara ta ci takarda.

Kafin a watse a ambaci mutum biyu da za su riƙe aikin, babba da yaro, a ba iyali filashi ɗaya, makaranta ɗaya. Littafin nan mai baƙin bango ya koma akwati wurin magada. Mun sayi sabo irinsa a Adum, muka ba ladanin masallaci. Sunan farko da ya rubuta a ciki na Baba ne, da ranar, da garin da iyayensa suka fito.